Fadamar tace ruwa da iskar da take fitarwa: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kududdufi da rana tsaka, ya ga 'yan kumfa suna tasowa daga ƙasa suna fashewa a saman ruwa, to ya riga ya ga abin da ake magana a kai. Yawancin iskar da ke cikin kumfan nan ita ce metan. A shekarar 1776 wani masani ɗan Italiya, Alessandro Volta, ya zunguri taɓon bakin tafkin Maggiore da sanda, ya tara iskar da ta taso, ya kusantar da wuta, ta kama. Tun daga lokacin aka san cewa ruwa mai kwanciya a kan ruɓaɓɓen abu yana numfashi. Tambayar ita ce, idan mutum da hannunsa ya gina fadama don ta wanke masa ƙazamin ruwa, nawa take fitarwa, kuma ana cin riba ko faɗuwa ake yi?

Mece ce fadamar tace ruwa, kuma me ya raba ta da fadamar da muka sani?

Fili ne da ake haƙawa da gangan, a dame ƙasansa da yumɓu ko a shimfiɗa leda mai kauri don kada ruwa ya tsiyaye cikin ƙasa, a zuba tsakuwa ko yashi, a dasa tsirran ruwa irin su gabara da kachalla, sannan a sako ruwan wanka da wanki da na bayan gida ya ratsa ta ciki a hankali. Ido yana ganin ciyawa ne, amma masu aikin na gaskiya ƙananan halittu ne da ke manne a jikin tsakuwa da saiwoyi, su ne ke cinye dattin.

Wata masaniyar tsirrai Bajamushiya, Käthe Seidel, ita ta fara gwajin abin a farkon shekarun 1950 a cibiyar Max Planck. Daga baya Reinhold Kickuth ya ɗora, har aka gina wata mai girma bisa tsarinsa a Othfresen cikin Jamus a 1974. Yau ana da dubbai a Faransa da Jamus da Ingila da Denmak da Sin. Wasu ƙanana ne na gida guda. Wasu kuwa girmansu ya wuce misali: a Florida ta Amurka akwai fadamun da aka gina don tsame fosfarar takin gona kafin ruwa ya shiga babban dausayin Everglades, faɗinsu ya haura eka 50,000, a Nimr ta ƙasar Oman kuma akwai wadda ke karɓar ruwan da ke fitowa tare da ɗanyen mai a tsakiyar hamada.

Bambancinta da fadamar Allah shi ne ita ana ɗura mata abinci kullum. Fadamar daji ganyenta kawai take ruɓarwa. Wannan kuwa, dattin gari guda ne ke shigo mata safe da yamma.

Iri nawa ce?

Uku ne manya, kuma wanda bai riƙe wannan rabon ba ba zai fahimci sauran maganar ba.

Ta farko ita ce mai buɗaɗɗen ruwa. Ruwan yana kwance a fili, zurfinsa bai fi gwiwa ba, tsirrai sun tsaya a ciki. Ita ta fi kama da fadamar gaske, ita ce kuma tsuntsaye suka fi so.

Ta biyu, ruwan yana bi ta ƙarƙashin tsakuwa a kwance, daga wannan gefe zuwa wancan. Kana iya takawa a kai ƙafarka ba ta jiƙe ba, amma can ƙasa tsakuwar a nutse take dare da rana.

Ta uku, ana watsa ruwan daga sama ne lokaci zuwa lokaci, ya sauka ta cikin yashi ya fita ta ƙasa, sai a dakata. Duk sa'ad da ruwa ya tsiyaye, iska tana biyo bayansa ta cike gurbin. Wato wannan tana shaƙar iska kamar huhu. Faransawa sun ƙware a kanta: sukan raba matakin farko gida uku, a ciyar da ɗaya kwana uku da rabi, a bar shi ya huta mako guda.

To ai tsirrai ne. Ba su ne ke tsotse gurɓatacciyar iska ba? Ta ina ɗumama duniya ta shigo?

Suna tsotsewa. Amma dattin da ya shigo ba ɓacewa yake yi ba, rikiɗa yake. Kabon da ke cikin ƙazamin ruwa dole ya tafi wani wuri: ko ya fita a matsayin kabon dayoksayid, ko ya fita a matsayin metan, ko ya kwanta a laka. Naitirojin da ke cikin fitsari da kashi shi ma haka, yawancinsa ana so ya koma iskar naitirojin mara lahani, wadda ita ce kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, amma wani ɗan kaso yakan kuɓuce a matsayin naitiros oksayid.

Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. A ƙiyasin rahoto na shida na IPCC, kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, kilo guda na metan irin na ruɓa yana ɗumama duniya daidai da kilo 27 na kabon dayoksayid idan aka duba shekara 100, idan kuwa shekara 20 aka duba sai ya kai wajen 80. Kilo guda na naitiros oksayid daidai yake da kilo 273. Saboda haka abin dubawa ba yawan iskar ba ne kaɗai, har da wace iri ce ta fita.

Yaya metan ke samuwa, kuma ta ina yake fita?

Inda babu oksijin. A can ƙasan laka akwai wasu ƙananan halittu da ake kira akiya, waɗanda oksijin guba ne a wurinsu. Sai sauran ƙwayoyin halitta sun gama cinye oksijin, sun cinye naitiret, sun bi ta kan ƙarfe da salfet, sannan su suke samun fili. Abin da suke amayarwa shi ne metan. Ruwa mai kwanciya, datti mai yawa, da ɗumi: idan ukun nan suka haɗu, kasuwarsu ta buɗe.

Hanyoyin fita uku ne. Wani yana narkewa cikin ruwa ya sulale ta sama a hankali. Wani yana taruwa ya zama kumfa ya ɓalle gaba ɗaya. Na ukun shi ne abin mamaki: yana bi ta cikin tsiron kansa. Ka karya karan kachalla ka duba, za ka gan shi kamar soso, cike da ramuka. Ta ramukan nan tsiron ke tura iska zuwa saiwoyinsa da ke nutse, ta nan kuma metan ke hawowa ya fice ta tsofaffin kara. A fadama mai cunkoson gabara, mafi yawan metan ta wannan bututun yake fita.

Sai dai akwai masu tsaron ƙofa. A wuraren da oksijin ya ɗan taɓa, wato saman laka da kewayen saiwa, akwai wasu bakteriya da metan ne abincinsu. Suna cinye wani kaso kafin ya kai sama. Abin da ake aunawa a sarari ragowa ce tsakanin masu yi da masu ci. Kumfa ita ce ta fi wuce su, don tana tashi da sauri ba su samu sun taɓa ta ba.

Naitiros oksayid fa?

Shi ɗan tsaka-mai-wuya ne. Cire naitirojin aiki ne mai hawa biyu. Da farko, inda akwai oksijin, amoniya tana komawa naitiret. Sannan inda babu oksijin, naitiret yana komawa iskar naitirojin. Idan ɗaya daga cikin hawan ya tsaya rabi da rabi, ko oksijin bai wadata a na farko ba, ko ya yi kutse a na biyu, ko abincin kabon ya gaza, sai a samu naitiros oksayid. Ita ce iskar nan da likitocin haƙori ke amfani da ita, wadda ake wa laƙabi da iskar sa dariya. A sararin samaniya ba abin dariya ba ce: tana daɗewa fiye da shekara 100, tana kuma cin bargon ozon da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa.

A nan ne injiniya ke shiga tsaka mai wuya. Ƙara iska yana kashe metan, amma idan an yi shi ba bisa ƙa'ida ba yana iya tayar da naitiros oksayid. Gudun gara, a faɗa gidan zago.

Wane iri ya fi fitarwa? Akwai alƙaluma?

Akwai. A 2013 IPCC ta fitar da ƙarin jagora kan dausayi, babi na shida a cikinsa kan fadamun tace ruwa ne. Lissafin yana farawa daga nauyin dattin da ke ruɓewa, abin da ake kira BOD. Kilo guda na BOD, idan ya ruɓe gaba ɗaya babu oksijin, iyakar metan da zai bayar kilo 0.6 ne. Sai a tambaya: kashi nawa na wannan iyakar kowane iri ke kaiwa? Mai buɗaɗɗen ruwa an ba ta kashi 40 cikin 100. Mai ruwa a kwance ƙarƙashin tsakuwa, kashi 10. Mai saukar ruwa daga sama, kashi 1 tak.

A gwada da ƙauye mai mutum 1,000. IPCC tana ɗaukar giram 37 na BOD ga kowane mutum a rana a Afirka. Wato kilo 37 a rana, kimanin kilo 13,500 a shekara, iyakar metan ɗinsa kuwa wajen kilo 8,100. Idan duka aka zuba a mai buɗaɗɗen ruwa, za ta fitar da kimanin kilo 3,240 na metan, daidai da tan 87 na kabon dayoksayid. Mai kwance, kilo 810, wajen tan 22. Mai saukowa daga sama, kilo 81, tan 2 da 'yan kai. Mutane ɗaya, datti ɗaya, amma tsakanin ta farko da ta ƙarshe ninki 40.

A wajen naitiros oksayid jerin yana sauyawa. Cikin naitirojin da ya shigo, an ba mai kwance kashi 0.79 cikin 100, mai buɗaɗɗen ruwa 0.13, mai saukowa daga sama 0.023. Alƙaluman sun yi daidai da bitar da Ülo Mander na Jami'ar Tartu ta Estoniya da abokan aikinsa suka wallafa a 2014. Idan muka ƙaddara kowane mutum a ƙauyen nan yana zubar da giram 10 na naitirojin a rana, mai kwance za ta ƙara wajen tan 12 a kan 22 ɗinta, mai buɗaɗɗen ruwa ta ƙara tan 2, ta ukun ko rabin tan ba za ta kai ba.

Kada a riƙi adadin ƙarshen nan kamar karatun allo. Awon da aka yi daga baya a wata tashar tace ruwa a Faransa, da na'urar da ke aunawa ba tsayawa, ya nuna mai saukowa daga sama tana fitar da naitiros oksayid fiye da 0.023 ɗin nan nesa ba kusa ba. Duk da haka, a wajen metan fifikonta bai girgiza ba.

Me ya sa ba a sa kabon dayoksayid cikin lissafin ba?

Domin aro ne aka mayar. Kabon da ke cikin kashin mutum daga gero da shinkafa ya fito, su kuma bara ko bana suka tsotso shi daga iska. Komawarsa ba ƙari ba ne. Amma idan ya koma a matsayin metan, an ari kwabo an mayar da abin da ya fi shi zafi sau da yawa, shi ya sa ake lissafa shi. Kabon dayoksayid da ake ƙirgawa shi ne na dizal ɗin injin turo ruwa, da na siminti, da na motocin da suka kwaso tsakuwa.

Idan haka ne, ba gara a bar gina su ba?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yin kuskure a kanta. Mutum yakan kwatanta fadamar da babu, alhali babu ɗin ba ya nan. Ƙazamin ruwan yana nan ko an gina ko ba a gina ba, kuma yana ruɓewa a wani wuri. A jagorar IPCC ta 2006, tankin sokawe an ba shi kashi 50 cikin 100 na iyakar metan. Kwata mai tsayayyen ruwa a ƙasa mai zafi, ita ma 50. Tafkin ƙazanta mai zurfi fiye da mita 2, kashi 80. Salgar gida a busasshiyar ƙasa, inda ruwan ƙasa ke nesa, kashi 10, amma salgar da ruwa ya cika ta tana kaiwa 70.

Duba da wannan ma'auni, ka tuna Jakara a Kano, ko kududdufan cikin birni da ake juye musu ruwan unguwa, ko Gunti Yena da ke ratsa Yamai ta zube a kogin Kwara. Suna fitar da metan kowace rana, ba wanda ya gina su don haka, ba kuma ruwa mai tsabta da ke fita ta ɗaya gefen. Wanda ya ɗauke ruwa daga irin wannan wuri ya kai shi kan yashi mai shaƙar iska, ya rage metan, bai ƙara ba. Wanda kuwa ya ɗauke shi daga rafi mai gudu ya kwantar da shi a buɗaɗɗiyar fadama mai nauyin datti, wataƙila ya tsabtace ruwan, amma ta fuskar metan ya ƙara.

A ra'ayina ma, a garin da amai da gudawa ke kashe yara kowace damina, dalilin farko na tace ruwa lafiya ne. Maganar iska tana shigowa wajen zaɓen wane iri za a gina, ba wajen ko za a gina ba.

An ce tankin da ke gaban fadamar ya fi ita kanta fitarwa. Gaskiya ne?

Sau da yawa haka ne. Yawancin fadamu ba sa karɓar ɗanyen ruwa, don tsakuwa za ta toshe. Ana sa tanki a gaba inda kauri zai kwanta. Tankin nan rufaffe ne, babu oksijin, laka tana kwana a ciki wata da watanni, wato tukunyar dafa metan ce sosai. Mai rahoton da ya auna kan ciyawa kaɗai ya ce tasharsa ba ta fitar da komai, ya auna ɗaki ne ya bar madafa.

Mafita biyu ce. Ko a rufe tankin da kyau a tara iskar a yi girki da ita, tunda metan shi ne gas ɗin da ake samu daga kashin shanu. Ko a bi tsarin Faransawa, wanda ba ya da tanki: ana tace shara da raga, a watsa ɗanyen ruwan kai tsaye a kan gadon tsakuwa, kaurin ya bushe a sarari ya zama kamar taki, sai bayan shekara 10 zuwa 15 a kwashe.

Idan aka gwada ta da babbar matata mai injina fa?

Matata mai hura iska da injin, irin ta Wupa a Abuja, metan ɗinta kaɗan ne idan tana aiki yadda ya kamata. Amma tana shan lantarki dare da rana, kuma gyaran jagorar IPCC na 2019 ya ce a irinta kashi 1.6 cikin 100 na naitirojin da ya shigo yana fita a matsayin naitiros oksayid, ninki biyu na fadamar da ta fi kowace fitarwa. Sannan akwai abin da takarda ba ta faɗa: ranar da aka ɗauke wuta, ba dizal, injin hura iska ya tsaya, matatar ta zama tafkin ƙazanta mai tsada. Fadamar da aka gina a gangare, ruwa na tafiya da kansa, ba ruwanta da wannan.

Abin da take ci shi ne fili. A Turai ana ware wajen murabba'in mita 5 ga mutum guda a mai kwance, mita 2 a tsarin Faransa. A yankunan Faransa masu zafi na ƙetare an sauko zuwa kimanin mita 1, saboda ɗumi yana hanzarta aikin.

Zafin ƙasashenmu yana ƙara abin ko yana rage shi?

Yana hanzarta komai, mai kyau da mara kyau. Masu cin datti suna sauri, masu yin metan su ma suna sauri, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi. A Estoniya ko Suwidin, hunturu yana kwantar da masu yin metan wata da watanni. A Sakkwato ko Damagaram ba su da irin wannan hutu, ɗan sanyin hunturunmu bai kai ya tsayar da su ba. Kuma yawancin awon da aka gina alƙaluman IPCC a kai daga ƙasashe masu sanyi aka yi shi. Saboda haka ɗalibin da ke neman abin bincike, ga shi a ƙofar gida: awon shekara guda cur, rani da damina, a kan fadama guda a Sahel, aiki ne mai daraja.

Akwai kuma ƙishirwar tsirrai. A bazara gabara da kachalla suna shan ruwa su fitar ta ganye ƙwarai, har ruwan da ke fita ya ragu, gishirinsa ya ƙaru. Mai niyyar ban-ruwa da abin da ya fito ya sa wannan a lissafi.

Kachalla ta riga ta zame wa mutanen Hadeja da Nguru annoba. Ita za a dasa kuma?

Tambaya ce mai kyau. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da da yake zuwa ya tafi ya koma zama duk shekara a wurare da yawa, kachalla ta samu abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin jan-baki. Wanda ya ga wannan ba za a burge shi da labarin amfaninta ba.

A cikin gado mai iyaka, mai leda a ƙasa, ana iya riƙe ta, amma furenta iska ke ɗauka, sai an yanke kafin ya fashe. Inda babu ita a yankin, kada a kai ta. Akwai madadi: gabara, da jema wadda saiwarta ke nitsawa ƙasa sosai. Kainuwa kuwa, dashen Allah, ita da sauran masu yawo a saman ruwa, suna rufe fuskar ruwa su hana oksijin shiga, idan ba a kwashe su a kai a kai ba sai su mutu su nutse su zama abincin masu yin metan.

Game da ko tsiro yana ƙara metan ko yana ragewa, yana yin duka biyun. Yana kai oksijin ƙasa, yana kuma ba metan bututu, yana zubar da ganye da ruwan saiwa da ke zama abinci. Wanda ya rinjaya ya danganta da irin tsiron da nauyin dattin. Tsarin tafiyar ruwa ya fi irin tsiro tasiri.

Yankan ciyawar yana taimakawa?

Yana rage abin da zai ruɓe a ciki. A yanka sama da fuskar ruwa, don karan da aka yanke ruwa ya shige shi yana shaƙe saiwar ta ruɓe. Abin da aka yanka kada a tara shi a jiƙe a gefe, kada kuma a cinna masa wuta a fili. A kwarin kogin Senegal, inda kachalla ta mamaye bayan madatsar Diama ta 1986, ana mayar da ita gawayin girki da kayan rufin ɗaki.

Ba ta ajiye kabon a ƙasa ba? Wannan bai biya bashin metan ba?

Tana ajiyewa, a saiwa da laka. Ko ya biya, ya danganta da tsawon lokacin da aka duba. Hans Brix na Jami'ar Aarhus da abokansa sun yi wannan lissafi a 2001 a kan wata fadamar gabara a Denmak. Abin da suka samu shi ne, a 'yan shekaru gommai na farko metan ya rinjayi ajiyar, fadamar tana ɗumamawa, amma idan aka ja lokacin sai ajiyar ta rinjaya. Dalili kuwa metan yana rushewa a sama cikin kimanin shekara 12, kabon da aka binne kuwa yana nan muddin ba a tono shi ba.

Sharaɗin nan na ƙarshe shi ne matsalar fadamar tace ruwa. Ana kwashe lakarta, ana sauya tsakuwarta, wata rana a rushe ta a yi gini. Ajiyar da za a tono bayan shekara 15 ba za a jingina da ita sosai ba.

Yaya ake auna iskar?

Hanya mafi sauƙi ita ce kifa akwati. Ana kafa zobe a ƙasa, a kifa rufaffen akwati a kai, a riƙa zuƙo iska da sirinji bayan kowane minti 10 ko 15, a kai ɗakin gwaji a ga yadda take taruwa. A buɗaɗɗen ruwa akwatin yana iyo ne, kumfa kuma ana tare ta da mazurari a kife. Manyan fadamu ana kafa musu hasumiya mai na'urar da ke bin motsin iska.

Wahalar ita ce iskar ba ta fita daidai wa daida. Bakin shigar ruwa ya fi bakin fita ninki da yawa. Rana daban, dare daban. Naitiros oksayid yakan yi tsalle 'yan mintuna bayan an watsa ruwa, ya lafa. Mai aunawa da ya taka laka kusa da akwatinsa ma ya tayar da kumfa ya ɓata awonsa, shi ya sa ake shimfiɗa katako. Idan ka ga rahoton da aka yi da awon yini biyu, ka karanta shi da taka-tsantsan.

Ruwan majema da na masana'anta fa?

Ruwan majemu irin na Challawa da Sharaɗa yana ɗauke da salfet da yawa. Masu cin salfet suna ƙwace abinci daga masu yin metan, sai metan ya ragu. Ba abin murna ba ne: abin da ke fita a madadinsa iska ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai guba, ga kuma kuromiyom, sinadarin jimar fata, da ke taruwa a laka. Irin wannan ruwa sai an fara yi masa magani a masana'anta kafin ya kusanci fadama, ciyawarsa kuma ba ta dabbobi ba ce.

Za a iya samun kuɗin kabon da ita, wato kuɗin da ake biyan wanda ya rage iskar ɗumama duniya?

A ƙa'ida ana iya, idan an nuna cewa ta maye gurbin abin da ya fi ta fitarwa. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka shiga alkawarin Glasgow na 2021 na rage metan da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, shara da ƙazamin ruwa kuma su ne kimanin kashi 20 na metan da ɗan Adam ke fitarwa. Amma koma kan ƙauyenmu mai mutum 1,000: duk abin da za a rage bai wuce tan 100 da ɗoriya a shekara ba. Kuɗin masu tantancewa kaɗai zai cinye shi, sai dai a haɗa garuruwa da yawa a buhu guda.

Tana wari? Tana tara sauro?

Mai ruwa a ƙarƙashin tsakuwa ba ta ba sauro wurin ƙwai, wari kuma kaɗan ne. Mai buɗaɗɗen ruwa tana iya tarawa, musamman inda ciyawa ta cunkushe ruwa ya tsaya. A ƙasar zazzaɓin cizon sauro, wannan wani dalili ne na nisanta ta daga gidaje, a bar ta ta zama matakin ƙarshe bayan an riga an cire yawancin dattin. A wannan matsayi metan ɗinta ma kaɗan ne, tunda ba a bar mata abin ruɓarwa da yawa ba.

Wadda aka riga aka gina, ta yaya mai kula zai gane ta fara lalacewa?

Ba sai da na'ura ba. Idan ruwa ya fara kwanciya a saman gadon da ya kamata ya tsotse shi cikin ɗan lokaci, yashi ya toshe. Idan ka tona tsakuwa ka ga ta yi baƙi ƙirin tana wari, iska ta daina shiga. Idan kumfa na tashi a bakin shigar ruwa, ko ciyawar wurin ta yi rawaya alhali ta can gaba kore ce shar, an ɗora mata fiye da ƙarfinta. A wannan hali kashi 1 ɗin da ke takarda ba nata ba ne kuma, ta koma sahun kududdufi.

Abin yi shi ne a karkatar da ruwan zuwa wani gado a bar wannan ya bushe har samansa ya tsattsage, a kwashe lakar tankin gaba idan ta wuce rabi, a duba bututun shan iska ko ƙasa ko sheƙar tsuntsu ta toshe su, a share ragar tare leda. Sannan a ƙirga gidajen da aka jona tun bayan gini. Sau da yawa za a tarar an yi gadon don mutum 500, yanzu unguwa ta kai 1,500, kuma sai an ƙara gado.